Yadda Ake Juya Inna

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da yara, da fatan sanyin garinku bai taɓa miki ƙirji kamar bara ba. Na leƙa Kawu, mahaifinki, yana nan lafiya sai gwiwa. Mu ma lafiya, in ban da abin da kika riga kika ji.

Na san za ki yi dariya, mutum yana da waya a hannu amma ya zauna ya rubuta wasiƙa da biro, sannan ya ɗauki hotonta ya turo. Ki yi haƙuri da ni. Maganar baki wuce ni take yi, kafin a kai ƙarshe na manta farkon. Tun ina saurayi nake gyaran rubutu a maɗaba'a, abin da na gani a takarda shi nake iya riƙewa. Don haka ke ma ki amsa min a rubuce.

An sallamo Inna daga asibiti. Ɓarin jikinta na hagu bai dawo ba, hannu da ƙafa, amma bakinta ya saki, har faɗa tana yi. Mun sa mata gado a falo, don keken majinyata ba ya shiga ƙofar ɗakinta. Ranar da za mu fito, ta riƙe min wuyan riga da hannunta mai lafiya ta ce, "Ka yi min alkawari ba za ka sake kawo ni gidan nan ba. A gadon da ke kusa da nawa mata biyu suka cika ina kallo." Na yi mata alkawari, Yaya. Ban ma tsaya na yi tunani ba, abin da ba halina ba ne.

Nas ta ba mu takarda. Ta ce a riƙa juya mara lafiya duk bayan awa biyu, a tallafi ɓangaren da ya shanye, a duba fata kullum, in wani wuri ya yi ja kuma jan bai tafi ba, a dawo asibiti. Da baki kuma nas ta ƙara min cewa gyambon kwanciya in ya buɗe ba a jinyarsa a gida. Kin ga ke nan alkawarina a kan fatar Inna yake.

Ga matsalar. Maman yara ba ta bin takardar, bidiyo take bi a waya. Guda biyu ne. A na farko wasu mata biyu suna shimfiɗa zanin gado a ninke ƙarƙashin mara lafiya, su ja zanin, sai mutum ya juyo. Kin san ta da keken ɗinki, har ta ɗinka wa namu zanin mariƙi a gefe da gefe. A na biyu wani mutum ne cikin farar riga yana murza mai a wurin da majinyaci ke jin zafi, wai don jini ya zagaya. Inna tana kukan zafi a kwatangwalonta na hagu, to safe da yamma Maman yara tana murza mata.

Takardar nan akwai sunan asibiti a kanta, akwai ranar da aka buga ta. Na san hannu nawa shafi yake bi kafin ya fita daga inji. Shi kuwa mai farar riga, wa ya san shi? Farar riga ai a kasuwa ake sayar da ita. Amma kada in ɓoye miki: in Maman yara ta juya Inna da zanin nan, Inna ba ta ko motsa baki. In ni na juya ta, sai in ga ta cije leɓe.

Ke ce kike aikin kula da tsofaffi, ke kaɗai muke da ita a dangi. Wanne za mu bi?

Naki,
ƙaninki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga alamar saƙona ya isa amma ba a buɗe ba. Na san ana karɓe muku waya a wurin aiki, ba ƙorafi nake yi ba. Sai dai na sake karanta abin da na turo miki, ina tsoron ko tsawonsa ne ya hana ki, ko kuma kin ga kamar ƙarar matata na kawo. Ba haka nake nufi ba. Ita ke tashi da Inna, ita ke mata wanka, ni sai na dawo daga aiki.

Jiya mun ɗan yi sa-in-sa a gaban gadon. Na ce mata, "Wa ya tantance mutumin nan?"

Ta ce, "Dubban mutane sun kalla."

Na ce, "Sun kalla. Nawa ne suka dawo suka faɗi yadda majinyacinsu ya ƙare?"

Ta ce, "To, Malam. Takardarka ta ce a tallafa. Nuna min inda ta ce ka sa hannunka."

Na ɗauko na duba gaba da baya. Ba ta faɗa ba. Na ce ai abu ne na hankali. Ta ce, "Hankalin ne yake sa Inna cije leɓe."

Inna na kwance tana jin mu. Sai ta ce, "In alƙali da lauya sun gama, a ba ni ruwa."

Zafin kwatangwalon bai ragu ba. Ina jiran ki.

Ƙaninki

*

Malam Gyara,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina rubuta wannan a tsaye a ɗakin canja kaya, ma'aikata sun yi mana ƙaranci, kada ka ga gajarta ka ce fushi ne.

A daina murza wurin nan yau ɗin nan. Fatar da nauyin jiki ya danne ta riga ta ji rauni daga ciki, murzawa ƙara yaga ta take yi. Tsohon ilimi ne, an daɗe da barin sa, mai farar rigar ku bai samu labari ba. Kada ta kwanta a kan wannan gefen. Ku duba fatar kullum da hasken rana, kowane canji kuka gani ku nuna wa nas. Sauran bayani sai na samu zama.

Ka gaishe min da Gwaggo, ka ce mata 'yar ɗan'uwanta tana mata addu'a. Ka gaishe da ƙanwata, matarka, Allah ya ba ta lada.

Yayarka

*

Yaya,

Na samu wasiƙarki, na gode ƙwarai, Allah ya sauƙaƙa muku aikin. Muna lafiya. Na karanta ta har na kusa haddacewa, sannan na karanta wa Maman yara a gaban Inna. Wataƙila da na ja ta gefe ya fi. Wannan tunanin bai zo min ba sai da na ga fuskarta.

Ga abin da na yanke. Tunda ya tabbata bidiyo ɗaya ya cutar da mu, ba ni da hanyar sanin ɗayan ma ba haka yake ba. A maɗaba'a in aka kama kuskure babba a shafi ɗaya, ba a cewa sauran lafiya, tsayar da aikin ake yi gaba ɗaya. Saboda haka na ce daga yau ba abin da za a yi wa Inna sai wanda ke cikin takardar asibiti ko cikin wasiƙarki. Zanin mai mariƙi ba ya cikin ko ɗaya. Na cire shi na sa a durowa har sai kin yi magana a kansa.

Maman yara ta ce, "Yaya ba ta ce a cire zani ba."

Na ce, "Ba ta ce a bar shi ba."

Ta ce ita ba za ta iya ɗaga Inna ba tare da shi ba, bayanta ba zai ɗauka ba. Na ce to ni zan yi. Na roƙi mai maɗaba'a ya bar ni in riƙa zuwa gida da rana, ya yarda, ga shi ba nisa. Ina sa hannu a hammatarta in jawo ta a hankali. Tana yin ƙara, Yaya. Shekaranjiya ta ce min, "Kai ɗan nan, buhu kake saukewa?" Tun daga nan in ta ji ƙarar ƙofa sai ta yi kamar tana barci, ni kuma sai in kasa tashin ta, in zauna in jira, lokacin juyi ya wuce. Kuma gefen dama ba ta daɗewa a kansa, da na fita sai ta zame ta koma yadda ta saba.

Fatar ina duba ta kullum a bakin taga kamar yadda kika ce. Alhamdu lillahi ba ta yi ja ba. Wurin ya ɗan fi sauran jikinta duhu, yana sheƙi, da ɗumi in an taɓa, ina jin sauran man da aka murza ne. Maman yara ta ce mu kira nas. Na ce takarda ta ce ja, wannan ba ja ba ne, kuma in nas ta zo ta ce a kwantar da Inna a banza fa? Da wane ido zan kalle ta?

Gidan ya yi shiru. Keken ɗinki kawai ake ji. Ina rubuta abin da na gani kowace rana don kada in ruɗi kaina, amma wani lokaci in na karanta sai in ji kamar mutumin da ya rubuta ya fi ni tabbaci. Ki faɗa min ko na yi daidai.

Ƙaninki

*

Yaya, barka da aiki. Ni ce matar ƙaninki. Na kira ki wayarki a kashe, shi ya sa na rubuta, ki yi haƙuri da rubutun, ni ba ma'aikaciyar maɗaba'a ba ce.

Maganar mai na yarda na yi kuskure, kuma na daina tun ranar. Amma ƙaninki ya ɗauki wasiƙarki ya mai da ita sanda. Ya kulle zani a durowa kamar zanin ne ya yi laifi. Yana jan Inna ta hannun da ya mutu, yanzu kafaɗar ma ta kumbura, ko riga ba ta bari a sa mata ta wannan gefen.

Yau da safe ina mata wanka na ga fatar kwatangwalon ta saɓule, kamar faɗin babban yatsa, tana ruwa. Na nuna masa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sai ya ce min, "Amma kewayen bai yi ja ba." Yaya, mutumin nan ba mugu ba ne, ko abinci ba ya ci, ya rame. Tsoron alkawarin nan ne ya rufe masa ido. Inna kuma ta ce min, "'Yar nan, ki rufe, kada ki faɗa wa kowa." Ga shi na faɗa miki.

Ni maganata ba ta da hatimi, ba zai ji ba. Ke ki rubuto masa.

*

Malam Gyara,

Sallama da gaisuwa. Zazzaɓi ya shiga gidan tsofaffin da nake aiki, ya kwantar da su ya kwantar da ni, sai yau na buɗe waya na tarar da wasiƙarka da ta matarka tare. Na ji sauƙi. Ban ji daɗin abin da na karanta ba.

Ka ajiye wannan wasiƙar in ka kai ƙarshen sakin layin nan, ka nemo mota, ku kai Gwaggo asibiti yau. Sauran ka karanta a hanya.

Jan da kake jira ba zai zo ba. Wanda ya rubuta takardarku da farar fata a ransa ya rubuta, ko kuma ya kwafo daga wanda ya yi haka. A fata irin ta Gwaggo, irin tawa da taka, wurin duhu yake yi, ya yi sheƙi, ya yi ɗumi. Abin da ka rubuto min ke nan da hannunka, kalma bayan kalma, ba ka bar komai ba. Idonka ya gani daidai, sai ka je ka tambayi takarda ko ta yarda. Bidiyon ma da kuka kalla na tabbata fararen fata ne a gadon, shi ma ba zai nuna muku ba. Ni kuma da na ce kowane canji, ya kamata in faɗa maka kamanninsa. Wannan laifin nawa ne, na yi gaggawa.

Zani kuwa, wa ya ce ka cire? Mu nan da irinsa muke aiki kullum. Ba a jan mai shanyewar jiki ta hammata, kafaɗar ba ta da abin da ke riƙe ta, za ka iya gocar da ita. Ka nuna wa likita kafaɗar ita ma. Ni da nake wannan aiki ba a takarda na koyi juya mutum ba, wata tsohuwar ma'aikaciya ce ta ɗora hannunta a kan nawa. Wanda ba shi da mai ɗora masa hannu, bidiyo ne mafi kusa da hakan: yana nuna maka inda gwiwa take, inda tafin hannu yake, yadda ake karkata. Abin da ba ya yi shi ne ya tsaya ya ce maka kada a yi wa wane, ko an daina wannan. Takarda ta fi iya wannan, in ta samu mai rubutu na kirki, kuma kana iya komawa ka duba wa ya ce, yaushe ya ce. Matarka ta ɗauki mai kyau ɗaya da maras kyau ɗaya. Kai ka zubar da duka biyun, ka riƙe kalma ɗaya, ja. Cikin su duka ba wanda ya taɓa ganin kwatangwalon Gwaggo. Nas za ta gani.

Na san maganar alkawari. Gwaggo za ta yi fushi, na san ta tun ina yarinya, ta taɓa yin wata guda ba ta yi wa mahaifina magana ba a kan aron tabarma. Gyambon nan in ya zurfafa yana kaiwa ƙashi, yana shiga jini. Gara ta yi fushi da kai tana raye. Kada ka yi mata dabara ka ce gwaji za a je a dawo. Ka faɗa mata gaskiya, kai da bakinka, kada ka bar wa matarka.

Ka buɗe durowar nan.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara sauƙi, ya ba tsofaffinku lafiya. Ina rubuto miki daga benci a barandar asibiti, takardar a kan gwiwata, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Na faɗa mata da bakina. Na durƙusa a gaban gadon na ce, "Inna, zan karya alkawarin da na yi miki." Ta ce, "Ba ka isa ba." Na ce, "Mota na waje." Ta kalli Maman yara ta ce, "Har da ke?" Maman yara ta ce, "Har da ni, Inna." Ko kuka ba ta yi ba, ni kuwa da ta yi kukan da ya fi min sauƙi.

Na ɗauko zanin. Ban san yadda ake shimfiɗa shi da mutum a kan gado ba. Maman yara ta ce, "Kama nan. A'a, juyo tafin sama. Lanƙwasa gwiwarka, ba bayanka ba." Da na kasa ganewa sai ta buɗe wayar ta jingina ta da kofin ruwa, muka kalli matan nan biyu tare, ta tsayar, ta mayar baya, ta sake tsayarwa daidai inda ɗayar ke sa hannu a bayan kafaɗa. Na karanta kalmar tallafa ban san adadi ba, ban taɓa kawo wa raina wurin nan ba ne.

Nas ɗin da ta karɓe mu ta duba ta ce bai zurfafa ba, amma sai an kwantar da ita an riƙa wankewa ana sa magani har ya kama rufewa. Likita ya ce kafaɗar ta ɗan sauka, za a ɗaure ta, ba a san ko zafin zai tafi duka ba. Ya tambaya wa ke juya ta a gida. Na ce ni ne. Sai ya rubuta. Na nuna wa nas layin nan na ja a takardarsu, na faɗa mata abin da kika ce. Ta ce gaskiya ne, za ta kai maganar gaba. Ban sani ba ko za ta kai. Ni ma har yanzu ban gama sanin yadda zan riƙa bambance wanda za a yarda da shi ba, a waya ko a takarda. Maman yara ta ce mu riƙa kawo kowanne wurin nas kafin mu gwada a jikin Inna. Na ce to.

Ba ɗakin da ta kwanta a da ba ne, na roƙa aka sa ta a wani, kusa da taga. Wannan kaɗai na iya yi mata. Da Maman yara take magana, da nas, har da mai shara. Ni kuwa ko gaisuwata ba ta amsawa. Ba a kwantar da ita a kan ciwon, daga rigingine sai gefen dama, kuma a gefen daman kujerata take. In aka juyo ta wajena sai ta rufe ido, ba ta buɗewa sai an mayar da ita.

Ɗazu nas tana can da wani majinyaci, lokacin juyi ya yi. Maman yara ta kama nata gefen zanin, ta yi min alama da kai. Na matso, na kai hannu bayan kafaɗar Inna, ina jiran ta ture ni da hannunta mai lafiya. Idonta a rufe ta ce, "Hannunka da sanyi. Murza su tukuna."

Na murza tafukana har suka yi zafi. Ta bari na juya ta.

Ban sani ba ko yafewa ce, ko sanyin ne kawai ya dame ta. Ban tambaya ba. Ki sa mu a addu'a, ki huta sosai kafin ki koma aiki.

Naki,
ƙaninki